Daga Rigar Girkawa Zuwa Kirtanin Kasuwa: Tarihin Kalmar Kiton

Gabatarwa

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wannan karin magana gaskiya ce idan ana zancen sutura, amma idan aka zo kan harshe sai mu ga al'amarin ya sha bamban, domin akwai kalmomin aro da suka rufe katarar masu aronsu na tsawon dubban shekaru, har jikokin masu aron suka manta cewa ba a gidansu aka haife su ba. A wannan fitowa muna so mu bi sawun kalma guda daga cikin irin waɗannan. Duk wanda ya buɗe babban ƙamus na Turanci zai tarar da ita da ma'ana biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Turawa suna rubuta ta chiton, mu kuwa za mu riƙa rubuta ta kiton, domin hakan ya fi kusa da yadda Girkawan dauri suke furta ta. Ma'anarta ta farko ita ce rigar da mazan Girka da matansu suke sawa a zamanin da. Ma'ana ta biyu kuwa wata 'yar dabba ce ta teku, dangin dodon koɗi, wadda take manne a jikin duwatsu tana kankarar gansakuka.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan marubucin Hausa da rigar Girkawa, balle kuma wata halitta ta teku da bai taɓa gani ba? Amsa ita ce, sau da yawa idan marubuta suka haɗu akan yi musu kan aron kalmomi. Wasu na ganin duk kalmar da ba ta asali ba ce gurɓata harshe take yi, wasu kuma suna cusa baƙin kalmomi a rubutunsu ba tare da sun tsaya sun auna su ba. Mu a ganinmu tarihin wannan kalma guda yana da abin da zai faɗa wa ɓangarorin biyu, kuma kafin mu kai ƙarshe za mu ga cewa tana da 'yar'uwa a cikin Hausa, wadda muke furtawa kullum a kasuwa.

Asalin Kalmar

Tafiyar ta faro ne daga ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furatu, watau Iraƙi ta yau. Mutanen Sumar, waɗanda suna cikin al'ummomin farko da suka ƙirƙiro rubutu, suna noma wani tsiro mai siririn kara da ake jiƙa shi a ruwa, a buge shi, a fitar da zarensa, kusan yadda muke yi wa rama. Daga wannan zare ake saƙa yadin lilin. Sumarawa suna kiran tsiron da yadinsa gada. Maƙwabtansu Akkadawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan Larabci ne, suka karɓi kalmar suka mayar da ita kitu. Daga nan ta bazu cikin harsunan wannan dangi da baƙaƙe uku, watau k da t da n. Ana samun ta a rubuce-rubucen tsohon birnin Ugarit na gaɓar Sham, ana samun ta a harshen Finikawa, 'yan kasuwar teku na biranen Taya da Sidon, sa'an nan a Ibrananci ta zama kuttonet, watau riga ta ciki. Larabawa kuwa har yau suna kiran lilin kattan.

To, yaushe ta shiga bakin Girkawa? An daɗe ana zaton cewa mafi tsufar shaidarta tana cikin waƙoƙin Homa ne, waɗanda aka tsara wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya. Amma a shekarar 1900 wani Baturen Ingila mai suna Arthur Evans ya fara tono a kufan fadar Kunosos da ke tsibirin Kirit, ya tarar da dubban allunan yumɓu ɗauke da wani rubutu da babu wanda ya iya karanta shi. Allunan ɗanye aka bar su tun asali, gobarar da ta cinye fadar ce ta gasa su, shi ya sa suka wanzu. Fiye da shekara 50 masana suna fama da su. Wata malama 'yar Amurka, Alice Kober, ta share fage ta hanyar tantance yadda ƙarshen kalmomin ke sauyawa, amma ta rasu a 1950 ba ta ga ƙarshen aikin ba. A 1952 wani matashi mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware rubutun, ya kuma nuna cewa harshen da ke ciki tsohon Girkanci ne.

Da aka karanta allunan, sai aka tarar babu waƙa ko tarihin sarakuna a cikinsu. Lissafin ma'ajin fada ne kawai: tumaki kaza, gashin tumaki awo kaza, mata masaƙa kaza, tufafi kaza. A cikin wannan lissafi na tufafi aka ci karo da kalmar ki-to, wadda ita ce kiton, domin wancan rubutu ba ya nuna baƙin ƙarshen kalma. Allunan an rubuta su ne tsakanin shekara ta 1400 da ta 1200 kafin Miladiyya. Ashe ke nan kalmar ta shafe ɗaruruwan shekaru a Girka kafin a haifi Homa. Wani abin lura kuma shi ne, Girkawa suna da kalmarsu ta lilin, watau linon, wadda ita ma ta fito a allunan. Saboda haka da baƙuwar kalma ta iso tare da hajar fatake, sai suka ba ta wani aiki dabam. Suka bar linon a kan yadi, suka ɗora kiton a kan rigar da aka yi da shi, ko da kuwa daga baya an yi rigar da gashin tumaki.

Yadda Rigar Take

Tufafin Girkawa ba a yanka su daidai da jikin mutum kamar yadda tela ke yi a yau. Yadda ƙyalle ya sauko daga masaƙa, mai kusurwa huɗu, haka ake amfani da shi. Kaɗi da saƙa aikin matan gida ne, tun daga baiwa har matar sarki. Idan za a yi kiton sai a haɗa faffaɗan ƙyalle, a ɗinke gefensa ya zama kamar buhu marar gindi, a maƙale bakinsa na sama a kan kafaɗu, a bar ƙofar wuya da ta hannuwa. Sai a ɗaura ɗamara a ƙugu, a jawo rarar yadin sama ta zubo a kan ɗamarar. Wannan zubowa takan yi wa mutum aikin aljihu.

Masu nazarin sutura sukan kasa ta gida biyu. Akwai ta Doriyawa, wadda galibi da gashin tumaki ake yin ta, ana maƙale ta da allura ɗaya a kowace kafaɗa. Akwai kuma ta mutanen Ayoniya, watau Girkawan da ke zaune a gaɓar yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. Wannan ta lilin ce, mai faɗi ƙwarai, ana ɗinke ta ko a sa mata ƙananan maɓallai jere daga wuya zuwa gwiwar hannu, sai ta yi kamar mai hannuwa, ta kuma zubo da ƙananan ninki masu yawa. Ta mata takan kai idon sawu. Ta samari da sojoji da matafiya takan tsaya a gwiwa ko sama da gwiwa. Maƙera da masunta da bayi kuwa suna da tasu gajeriya da ake maƙalewa a kafaɗar hagu kaɗai, a bar hannun dama tsirara domin aiki. A kan kiton ne mutum yake yafa babban mayafi idan zai fita cikin jama'a.

Wanda yake son ya ga doguwar kiton ta maza da idonsa, akwai wani mutum-mutumin tagulla na direban keken doki da Faransawa masu tono suka gano a Delfi a 1896, wanda aka ƙera wajen shekara ta 475 kafin Miladiyya. Rigarsa ta sauko har kusa da idon sawu, an ɗaure ta can sama da ƙugu, an kuma ratsa igiya ta kafaɗu domin kada iska ta cika ta lokacin tsere. Rashin kiton ma yana da ma'ana. Zinofon, almajirin Suƙurat, ya ba da labarin yadda wani abokin gardama ya goranta wa malamin nasa cewa yana yawo ba takalmi ba kiton, sai mayafi guda rani da damina. A wurin mai gorin wannan alamar tsiya ce, a wurin Suƙurat kuwa alamar wadatar zuci ce.

Rigar da ta Shiga Siyasa

Hirodotus, wanda ake yi wa laƙabi da uban tarihi, ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, kuma ya kawo wani labari kan dalilin da ya sa matan birnin Atina suka koma sa kiton ta lilin. Ya ce rigima ce ta tashi tsakanin Atina da tsibirin Aijina a kan wasu gumaka biyu da aka sassaƙa da itacen zaitun na ƙasar Atina. Mutanen Atina suka tura mayaƙa su ƙwato su, aka hallaka su duka sai mutum ɗaya da ya tsira ya kawo labari. Da matan waɗanda suka mutu suka ji, sai baƙin ciki ya kama su cewa shi kaɗai ya dawo da rai. Suka kewaye shi, kowace ta zare doguwar allurar da take maƙale tufarta, tana soka masa tana tambayarsa inda mijinta yake, har ya mutu. Mazan Atina suka ga wannan aika-aika ta fi musu ciwo a kan asarar yaƙin, amma suka rasa hukuncin da za su yi wa matan gari guda. Daga ƙarshe sai suka sauya musu sutura, suka sa su sa kiton ta lilin wadda ba ta bukatar dogayen allurai. Mutanen Aijina da abokansu na Argos kuwa, don su ƙara wa Atina haushi, sai suka sa matansu su ƙara tsawon nasu alluran.

Masana tarihi na yau suna ɗaukar wannan labari da taka-tsantsan, domin sauyin sutura a hankali yake zuwa ta hanyar ciniki da cuɗanya. Amma akwai wata magana da Hirodotus ya ƙara wadda ta dace da abin da muka gani a baya. Ya ce wannan riga ko a wurin mutanen Ayoniya baƙuwa ce, daga maƙwabtansu mutanen Kariya suka samo ta. Ke nan tun a wancan zamani akwai masu tunawa cewa daga gabas ta fito.

Wannan tunawa ta yi tasiri bayan yaƙe-yaƙen Girkawa da Farisa, musamman gumurzun Maraton a 490 da na Salamis a 480 kafin Miladiyya. Bayan nasarar Girkawa, sai aka fara kallon doguwar rigar lilin a jikin namiji a matsayin alamar holewa irin ta mutanen gabas. Tusididis, wanda ya rubuta tarihin yaƙin Atina da Isparta, ya ce bai daɗe ba da dattawan attajiran Atina suka daina sa kiton ta lilin da ɗaure gashin kansu da ƙwaron zinariya, aka koma sutura mai sauƙi irin ta Ispartawa. Doguwar rigar ta saura a jikin limaman gumaka da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo da direbobin keken doki. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, Girkawa sun juya wa yayin rigar baya saboda kishin ƙasa, amma babu wanda ya tashi korar kalmar. Ta riga ta yi shekara dubu a bakinsu, ta zama 'yar gida.

Yadda Ma'anar ta Faɗaɗa

Alamar da ke nuna kalmar aro ta zauna da gindinta ita ce a fara yin adon magana da ita. Homa yakan siffanta mayaƙan Girka da masu kiton ta tagulla, yana nufin sulkensu. A wani wuri kuma ya sa Hekta yana yi wa ƙanensa Faris faɗa, yana nuna masa cewa da mutanen Tarwada ba matsorata ba ne da tuni sun sa masa kiton ta dutse, watau sun jefe shi. A tatsuniyoyinsu, babban jaruminsu Harkil bai mutu ta hanyar takobi ko mashi ba. Matarsa ce ta aika masa da kiton da ta shafa wa wani jini mai dafi, bisa zaton maganin mallaka ne, rigar ta manne a jikinsa tana cin namansa.

Daga mawaƙa sai ta koma hannun malamai. Suka riƙa kiran duk wani abu da ya lulluɓe wani abu kiton: saɓar maciji, ɓawon albasa, kwanson iri. Likitoci suka ɗauke ta suka sa wa yanar da ke rufe gaɓoɓin ciki. Jalinus, wanda aka haifa a shekara ta 129 Miladiyya, da ya zo bayanin ido sai ya lissafa rigunansa ɗaya bayan ɗaya, kowace kiton da sunanta. Rumawa suna da tasu kalmar ta riga, tunika, wadda masana da yawa ke ganin daga tushe guda suka fito da kiton, kuma har yau da ita ɗaliban likitanci ke kiran rufin jijiyoyin jini.

Akwai wani abin sha'awa da ya faru a birnin Iskandariya na Masar a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, lokacin da malaman Yahudawa suka fassara Attaura zuwa Girkanci. Da suka iso kan rigar da Annabi Yaƙubu (AS) ya yi wa ɗansa Annabi Yusuf (AS), wadda Ibrananci ya kira kuttonet, sai suka fassara ta da kiton. Kalma ta fita daga gida ta yi yawon shekara dubu, ta dawo aka sa ta fassara 'yar'uwarta. Masanin tarihin nan Bayahude, Yusufus, wanda ya yi rubutu da Girkanci a ƙarshen ƙarni na 1 Miladiyya, shi ma da yake bayanin rigar limamansu ya faɗa wa masu karatunsa cewa sunanta daga kalmarsu ta lilin ya fito. Alƙur'ani mai girma kuwa, a Suratu Yusuf, da kalmar ƙamis ya ambaci rigar.

A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa sai aka bi wata hanya. Hunainu bin Is'haƙ, wanda ya rasu a 873, shi ne babban mai fassara littattafan Jalinus zuwa Larabci. Da shi da waɗanda suka biyo bayansa ba su ari kiton ba wajen bayanin ido, sai suka yi amfani da kalmarsu ta ɗabaƙa, watau hawa ko rufi. Wannan ya nuna mana cewa mai fassara yana da zaɓi biyu, ko ya ara ko ya duba rumbun gida, kuma kowace hanya tana kaiwa idan an bi ta da ilmi.

Yadda Riga ta Koma Dabba

Yanzu sai mu tsallaka zuwa ƙasar Siwidin a ƙarni na 18. Karl Linne, malami a jami'ar Ufsala, wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778, ya ɗauki aniyar tsara dukkan halittu masu rai, ya ba kowace suna mai kalma biyu cikin Latinanci ko Girkanci. Bugu na 10 na littafinsa kan tsarin halitta ya fito a 1758, kuma daga wannan bugu ne masana dabbobi suke fara ƙirgen sunaye har yau. A cikinsa ne ya sa wa wani jinsi na halittun teku suna kiton.

Wannan halitta siffarta kamar ƙwai ce da aka raba biyu aka kife. Yawancinsu ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. A bayanta akwai ɓawo guda 8 a jere, kowane ya ɗan hau kan na bayansa, sa'an nan wata fata mai kauri ta kewaye su kamar ɗamara. A ƙarƙashinta akwai faffaɗar tsoka wadda da ita take tafiya, da ita kuma take kama dutse, kamun da igiyar ruwa ba ta iya ɓamɓare ta. Idan kuwa aka yi nasarar ɓamɓare ta, sai ta dunƙule kamar bushiya. Wanda ya tuna cewa tun zamanin Homa kiton tana nufin sulke, zai gane hikimar sunan. Turawan Ingila ma a bakin talakawansu da sunan rigar sulke suke kiran ta. Akwai nau'o'inta sama da 900 da ke raye, dukansu a ruwan gishiri, daga bakin gaɓa har zuwa zurfin teku. Mafi girmansu yana arewacin tekun Fasifik, daga Kalifoniya zuwa Alaska har Japan, kuma yakan wuce santimita 30. Burbushin kakanninsu da aka samu a cikin duwatsu ya kai kimanin shekara miliyan 500. Mutanen gaɓar Alaska da na wasu tsibiran Karibiyan suna cin ta.

Bincike ya nuna wannan dabba mai kama da ɓawon dutse tana da abubuwan mamaki. A 1962 wani masani a Kalifoniya, Heinz Lowenstam, ya gano cewa ƙananan haƙoran da take kankarar dutse da su an yi musu hula da tama mai maganaɗisu. Kafin wannan lokaci ba a san wata halitta mai rai tana iya ƙera wannan ma'adini a jikinta ba. Haka kuma tun a shekarun 1880 wani Baturen Ingila, Henry Moseley, ya lura cewa wasu nau'o'inta suna da ɗaruruwan ƙananan idanu a jikin ɓawonsu. A 2011 Daniel Speiser da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayar waɗannan idanu da ma'adinin ɓawon aka gina ta, kuma dabbar tana iya hango inuwar abin da ke shawagi a kanta ta ƙara manne wa dutse. Ashe rigar tata har gani take yi.

Kalmar ba ta tsaya nan ba. A 1811 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Henri Braconnot, ya fitar da wani sinadari mai tauri daga naman kaza. A 1823 wani ɗan ƙasarsu, Auguste Odier, ya sami irinsa a ɓawon fiffiken ƙwaro, ya raɗa masa suna kitin, daga kiton, domin shi ne rigar ƙwaron. Da wannan sinadari aka gina ɓawon fara da kyankyaso da ƙaguwa da jatan lande. Duk wanda ya taɓa cin soyayyar fara ya tauna kitin.

'Yar'uwarta a Cikin Hausa

Mun ce a baya Larabawa sun riƙe kalmar a matsayin kattan. Daga Larabci ta shiga harsuna da yawa ta hanyar ciniki da karatu. Turkawa suna cewa keten, masu Suwahili a gabashin Afirka suna cewa kitani, duk da ma'anar lilin. Mu kuma muna da kirtani, wanda wasu ke furtawa kittani, kuma masu nazarin kalmomin aro suna danganta shi da wannan kattan ta Larabci. A wurinmu ma'anar ta tsuke, ta tsaya a kan siririyar igiya mai ƙarfi da ake ɗinke bakin buhu ko a ɗaure kaya da ita. Girkawa sun ɗauki kalmar sun ɗora ta a kan riga, mu kuma muka ɗora ta a kan zare. Saboda haka rigar da Suƙurat ya ƙi sawa, da dabbar da Linne ya raɗa wa suna, da kirtanin da ɗan dako ke ɗinke buhun masara da shi a kasuwar Dawanau, duk daga gona ɗaya suka fito a bakin kogin Furatu.

Idan muka duba akwatin tufafinmu ma za mu tarar da baƙi da yawa da suka zama 'yan gida. Alkyabba da jabba da kaftani da jallabiya ta hanyar Larabci suka zo mana, kwat da singileti kuma daga Turanci. Babu sarkin da zai ƙi yafa alkyabba ranar naɗinsa wai don sunanta na aro ne. Haka nan ɗora sunan abu guda a kan wani saboda kama ba baƙon abu ba ne gare mu. Ƙumba tana nufin farce, tana kuma nufin ɓawon wata halitta ta kogi mai kama da farce. Katantanwa ɓawon dodon koɗi ce, kuma ita ce abin wasan da yara ke murzawa. A zamaninmu mun ƙirƙiri rigar kariya domin bayyana dokar da ke hana a gurfanar da shugaba a gaban kotu yana kan mulki, kuma wannan daidai yake da abin da Homa ya yi da kiton.

Sai dai akwai gargaɗi. Kama da wane ba ta wane. Riga ta sawa da riga ta cikin rigakafi rubutunsu ɗaya, amma karin sautinsu dabam, asalinsu ma dabam. Dangantakar kiton da kattan an tabbatar da ita ne ta hanyar allunan yumɓu da tsofaffin rubuce-rubuce da ƙa'idojin sauyin sauti. Marubucin da ya ji kalmomi biyu sun yi kama a kunne ya yanke hukuncin cewa 'yan'uwa ne, zai ɓatar da masu karatunsa.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, abin da muka tsinta a wannan tafiya abu uku ne. Na farko, Girkanci, wanda Turawa ke alfahari da shi a matsayin uwar adabinsu, da kalmar aro yake kiran rigar da ke jikin kowane ɗansa, kuma hakan bai hana Homa zama Homa ba. Don haka mai cewa a kori duk wata baƙuwar kalma daga Hausa, sai ya fara da tuɓe alkyabba ya kuma kwance kirtani. Na biyu, Girkawa ba su haɗiye kalmar yadda ta zo ba. Sun gyara furucinta ya dace da bakinsu, sun ba ta gurbin da babu kowa a ciki, sun bar tasu kalmar ta lilin a inda take. Wannan shi ne bambancinsu da marubucin da ke zuba Turanci a shafinsa alhali Hausa tana da kalmar, lalaci ne kawai ya hana shi neman ta. Ƙamus na Bargery da ya fito a 1934 da na Abraham na 1949 cike suke da kalmomin da ke jiran mai tashe su. Na uku, idan sabon abu ya zo wanda ba shi da suna, tsohuwar kalma tana iya ɗaukar sabon kaya, kamar yadda Linne ya yi, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Bari mu rufe da ɗan aiki. Wannan dabba ba ta rayuwa a kogi ko tafki, saboda haka kakanninmu ba su gan ta ba balle su sa mata suna. Idan gobe aka ba ɗayanmu aikin rubuta littafin kimiyya na 'yan makaranta, ko fassara labarin masunta na bakin teku, me zai kira ta? Yana iya aron kiton, tun da 'yar'uwarta tana gidanmu. Yana kuma iya bin sawun Hunainu ya duba rumbun gida, ya ce sulken teku, ko mai sulke takwas. Mu mun fi karkata ga sulken teku, domin yaron da ya taɓa ganin mahaya a hawan salla zai hango siffarta nan take. Amma ba mu ce tamu ce ta ƙarshe ba, muna jiran shawarwarinku a fitowa ta gaba. Allah Ya ƙara mana basira, Ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka, amin.